Kurwar Narith a Cikin Tukunya

Ƙauyen Tnaot, Prey Veng
Farkon girbi

Zuwa ga matata Kunthea, Maman Narith,

Gaisuwa mai yawa, wadda ta fi shinkafar rumbun mai gari. Ina fata kina lafiya, ke da abokan aikinki na kamfanin safar hannu a can Malesiya. Ya ciwon ƙugu? Ya wannan shugabar taku mai fuskar shanu? Mu nan lafiya lau. Innarki, Kaka Pring, tana gaishe ki. Haƙori ɗaya ya rage mata amma har yau da shi take cizona.

To nemi kujera ki zauna, dan in a tsaye kike karanta takardar nan faɗuwa za ki yi, ni kuma ba na kusa balle in tare ki.

Narith ya dawo! Ɗanki ya dawo, Kunthea! Da ƙafarsa!

Ina can saman giginyar gidan Kawu Suon ina ɗaura lasifika saboda bikin 'yarsa, kinsan duk Prey Veng ba mai hawa da lasifika biyu a kafaɗa sai mijinki, sai na hango mai babur ya tsaya a ƙofar gidanmu ya sauke wani dogon mutum da leda a hannu. Nace a raina wane sandar rake ne wannan kuma? Sai ya ɗaga hannun hagu ya sosa ƙeya. Wa ke sosa ƙeya haka in ba ɗanki ba? Bansan yadda na sauko ba. Mutane sunce faɗowa nayi. Ƙarya suke, saukowa ce irin ta gwanaye, sauri ne kawai ya yi mata yawa.

Da na rungume shi na tabbatar ba fatalwa ba ne, sai na koma gidan biki a guje na fizge makirfo daga hannun mai waƙa na sanar. Ƙauye uku sun ji. Kawu Suon yace, "Kai Sarun, bikin 'yata ne ko naka?" Nace, "Kawu, 'yarka kullum tana gindinka, ni nawa damina uku teku ta riƙe shi, ka bar ni in yi haukata!" Har amarya sai da ta yi kuka, hoda duk ta zube.

'Yan sandan bakin iyaka ne suka sako shi a mota, shi da wasu da aka ƙwato daga jiragen kamun kifin nan. Haka mai babur ya faɗa mini.

Ya rame, ba zan ɓoye miki ba. Akwai tabo a damtsensa kamar na igiya. Amma tsayi kam ya wuce ni, kyau kuma ai gado ne, ba daga wajenku ba. Na yanka masa kaza, Inna ta yi miyar tsamiya da kifi. Ya ɗan taɓa. Loma biyu ko uku.

Abu ɗaya ne dai. Bai yi magana ba tukuna. Ko "Baba" bai ce ba. Yana hawa sama ya kwanta a tabarma ya juya wa bango fuska, shi ke nan. Na ba shi labarin ɓaunar da ta cinye wandon mai gari, wanda ya taɓa sa babban sufi fashewa da dariya a tsakiyar karatu, yaron nan ko gezau. Ido a buɗe, amma kamar gidan da masu shi suka yi tafiya suka bar ƙofa a wangale.

Gajiya ce, ni na sani. Iska ce ta shige shi. Na riga na kankare masa baya da kwabo da man zafi har ya yi ja kamar bayan damisa, na kira mai allura ya sa masa ƙarin ruwa, irin mai launin ɗorawa ba farin ba. Gobe ƙaho. Kafin takardar nan ta iso ki zai cika gidan nan da surutu har in riƙa roƙonsa ya bar ni in sa baki.

Kada ki ce za ki karya kwangila ki taho, za su riƙe miki fasfo su wulaƙanta ki a banza. Ina nan. Ni ne fa Sarun. Ki yi haƙuri da rubutun, kinsan da baki na iya ba da alƙalami ba.

Naki har kullum,
Sarun, sarkin lasifikan Prey Veng


Ƙauyen Tnaot
Tsakiyar girbi

Kunthea tawa,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata jiki da ƙarfi. Takardarki ta iso, Inna ta sa an karanta mata sau uku, duk inda kika zage ni sai tace a maimaita. Na ji tambayarki. Amsar ita ce a'a, har yanzu bai yi ba. Amma saurara, dan yanzu na gano bakin zaren!

Akwai wata Malama Dany daga asibitin gunduma, aikinta bin yaran da suka dawo daga teku. 'Yar ƙarama da ita, hular kwano ta fi kanta girma. Ta zo ta zauna kusa da Narith ba tace masa komai ba, ita ma ta kalli bangon tare da shi. Nace wannan kuma wane irin aiki ne, har albashi ake biya a kai?

Da ta sauko na tare ta a gindin matakala. Tana ɗauke da wani ƙaton ƙamus na Turanci da yarenmu, wai littafin aikinsu da Turanci ya zo. Na sanar da ita ni ma ina taɓa Turanci, kullum kafin biki da shi nake ƙirga ɗaya biyu uku a makirfo. Sannan nace, "Malama, bar dogon zance. Zai warke ko ba zai warke ba?" Sai ta buɗe ƙamus ta ɗora yatsa a kan wata kalma guda ta Turawa. A ƙarƙashinta namu kalmomin sun jeru kamar agwagi a kan kunyar gona: ba da magani, yin jinya, samun sauƙi, rauni ya haɗe ya bar tabo, sai warkewa sarai kamar ba a taɓa ciwo ba. Tace, "Kawu, su duk a baki ɗaya suke faɗa, mu mun rarraba. Magani nawa ne, jinya taku ce. Sauƙi muna sa rai. Na ƙarshen nan kuwa ban taɓa yi wa kowa alkawarinsa ba." Nace, "To ni na ƙarshen nake so, a naɗe mini shi a ganyen ayaba." Ta yi dariya ta bar mana wasu 'yan ƙwayoyi na barci.

Inna tana gefe tana tauna goronta, sai ta tofar tace, "Ku gama karatunku. Yaron nan kurwarsa ce ta watse. Goma sha tara ake da su, shi ko biyar ba su rage a jikinsa ba. Sai an kira su." Na zaci Malama za ta yi musu. Ina! Cewa tayi, "Ku kira, Kaka. Amma kada a daina ƙwayar, ni ma ba zan daina zuwa ba."

Kira! Kunthea, kin ji fa, kira! Duk ƙasar nan wa ya kai mijinki kira? Inna na fita neman rake da sabuwar tukunya, nace me zan jira? Na jera lasifika huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, na tada janareta, na ƙure murya: "Kurwar Narith! Duk inda kuke! Ku dawo gida yanzu-yanzun nan, ubanku ne ke kira!"

Karnuka suka watse, kaji suka haye rufi. Na hau sama da murnata in ga ko sun fara isowa. Tabarma ba kowa. Can na same shi a bayan randa, ya dunƙule, ya rufe kai da hannu biyu. Na miƙa hannu sai ya ƙara matsewa. Kunthea, tunda aka haife ni mutane dariya suke in sun gan ni. Ban taɓa ganin mai tsorona ba sai ranar, kuma ɗana. Daga baya Malama tace a jirgin nan da lasifika ake tashinsu, da shi ake zaginsu.

Inna ta dawo ta maka mini ludayi a tsakar ka. "Kai ɓauna mai makirfo! Kurwa 'yar tsako ce, lallashinta ake, ba a yi mata tsawa! Ka kori sauran da suka rage!" Ban ce uffan ba, kuma kinsan wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da ta huce tace kiran daga nan ma aikin banza ne, sun yi nisa. Sai an je inda ya fara taka jirgi, can Koh Kong, dan komai teku ta ɗauka bakin gaɓa take dawo da shi. Ita Inna ƙafa ba za ta kai ta can ba. Ta dube ni sama da ƙasa tace, "Ba ni da wani sai kai, kaicona." Za ta ba ni sabuwar tukunyar ƙasa, da ludayi, da farin ƙyalle, da tsohuwar rigarsa, da curin shinkafa da ayaba da rake a ciki dan su ji ƙamshi. In kira su a hankali da sassafe, in kwaso da ludayi, in rufe. Sannan ga dokarta, wai haka kakarta ta koya mata: daga lokacin da na rufe tukunya, ba zan buɗe baki da kowa ba har gindin matakalar gidanmu. Kalma ɗaya ta fita, sun tsorata sun gudu.

Gari duk ya ɗauka. Kawu Suon ya sa agwagwarsa mafi ƙiba wai ko tashar mota ba zan bari ba zan yi magana. Ki ce masa ya fara yi mata bankwana! Jibi zan tashi. Zan kawo miki su cif, ko ɗaya ba zan bari a hanya ba.

Mijinki,
Sarun


Tashar motar Koh Kong
Da hantsi

Maman Narith,

Gaisuwa daga bakin duniya! Ina fata kin tashi lafiya. Inna tace kada in buɗe baki, amma ba tace komai a kan alƙalami ba, shi ya sa nake rubuto miki kafin mota ta cika, in ba haka ba cikina fashewa zai yi. Tukunya tana kan cinyata, na rungume ta da hannun hagu, in kin ga rubutu ya karkace ita ce.

Suna ciki, Kunthea! Na kwaso su!

Na ga teku. Ashe ba ƙarya ake ba, ba ta da ɗaya gefen. Na tsaya nace to, yau Sarun ya ga abin da ya fi bakinsa faɗi.

Gari na wayewa na gangara inda jirage ke tsayawa. Warin kifi, ƙanƙara, mutane na ta kai da kawo. Na sami wani lungu na durƙusa na buɗe tukunya na shimfiɗa rigarsa. Na buɗe baki zan yi a hankali, sai ga sanarwa ta fito, irin ta "jama'a a matso a ci abinci". Wata mai sayar da kaguwa, ƙatuwa, da wuƙa a hannu, ta juyo tace, "Kawu, kifi kake kira ko faɗa kake nema?" Sai idonta ya faɗa kan tukunya da farin ƙyalle. Ta ajiye wuƙar. Tace, "Ɗa ne ko ƙane?" Nace ɗa. Tace, "Ba kai ne farau ba a wurin nan." Ta juya ta daka wa masu turo ƙanƙara tsawa su kashe rediyo, kuma suka kashe.

Na sake gwadawa, abu ya ƙi. Shekara nawa ina magana da taro, ashe ban iya magana da mutum ɗaya ba. Matar tace, "Ya uwarsa ke kiransa in abinci ya nuna?" Sai na tuna ki a bakin murhu, ba kya ko ɗaga kai, kina cewa "Rith, zo mana, zai huce." Yaro yana can ƙarshen gona amma sai ya ji.

Haka nayi. Nace, "Rith, ɗan Baba, zo mana. Ruwan nan ba naka ba ne. Kada ka zauna da kifaye, ba su san ka ba. Ga shinkafa sabuwa, ga ayaba, ga rake na feraye maka. Mangwaron bayan gida ya yi fure. Kakarka tana jira, uwarka tana jira. Ba mai yi maka tsawa kuma, ni ma na daina." Ina faɗa ina kwasowa da ludayi daga kan ruwa ina juyewa a tukunya. Iskar wurin nan gishiri gare ta, tana sa ido ruwa, kowa ma haka take masa. Matar ce ta riƙa ƙirga mini da yatsu dan ni lissafi ya ɓace mini. Da muka kai sha tara ta tayani ɗaure ƙyallen tam. Ki yarda ko kada ki yarda, tukunyar nan ta ƙara nauyi.

Na haɗa hannu na yi mata godiya da ka. Ko sunanta ban tambaya ba, kuma yanzu ba dama.

A hanyar fitowa na wuce wasu samari a tsugune a layi, kowa da ledarsa, wani mai tabarau yana ƙirga su zai kai su jirgi. Sa'annin Narith. Maganar ta taho mini har maƙogwaro, irin wadda za ta tashi tashar nan gaba ɗaya. Na dubi tukunya. Na kama hannun ɗaya na girgiza masa kai da ƙarfi, na nuna masa hanyar gida. Dariya ya yi, yace wa na kusa da shi, "Tsohon nan ya sha da safe." Na wuce. Wannan ita ce ta fi mini wuya zuwa yanzu.

Kwandasta yana buga mota. Yana nuna wai a ɗora tukunya a saman rufi tare da buhunan busasshen kifi. Zai ga aiki da cikawa.

Naki, bebe na yini ɗaya,
Sarun


Ƙauyen Tnaot
Bayan an gama sussuka

Zuwa ga Kunthea, hasken gidana,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Inna lafiya, agwagwar Kawu Suon kuma ta riga mu gidan gaskiya, da citta da lemon tsami muka raka ta. Na san kin ƙagu, amma sai kin bi ni tun daga farko, dan wahalar da na sha ba za ta tafi a banza ba wanda ya ji.

Kwandastan nan ya kama tukunya, na kama. Yace, "Daddawar kifi ce? Sama za ta!" Na girgiza kai. "To mene ne?" Shiru. "Kai kurma ne?" Shiru. Na ciro kuɗin kujera biyu na manna masa a ƙirji. Wata tsohuwa a baya tace, "Kai marar kunya, ba ka ga farin ƙyalle ba? Tokar mamaci ce, bawan nan kuma bebe ne." Nan take mota ta yi tsit, aka matsa mini, har da mai ba ni dafaffen ƙwai. Ban karɓa ba, hannu biyu na kan tukunya. Ko ruwa ban sha ba yinin nan, tsoro nake in saki.

A Phnom Penh na canza mota, a nan ne aka jarraba ni. Wani mai ƙaton ciki ya zauna kusa da ni, wai shi ma harkar biki yake. Ya fara ba mutane labarin ɓauna da wandon mai gari. Labarina, Kunthea! Nawa na kaina! Kuma ya ɓata shi, ya sa wai saniya ce, ya faɗi ƙarshen tun a tsakiya. Wani yace ai wannan labarin Sarun na Prey Veng ne. Sai mai cikin yace, "Wa? Sarun? Na san shi sarai, a wurina ya koya. Lasifikansa duk tsatsa, murya kamar kwaɗon da aka taka." Na ciji leɓe har na ji gishirin jini. Ya juyo ya dafa kafaɗata yace, "Ka huta abinka ɗan'uwa, da ba ka taɓa jin sa ba." Na haddace fuskarsa. Duniya ce, za mu haɗu a wani bikin.

A jirgin fito na Neak Loeung aka ce kowa ya sauka daga mota. Cunkoso, babura, masu tallan soyayyen gyare. Wata mai tire ta juyo ta buge ni, ƙafata ta zame a kan ƙarfe mai jiƙe, sai ga ni a ƙasa. Da gwiwa da gwiwar hannu na sauka, tukunya na ƙirjina, ba ta taɓa ƙasa ba. Amma gefen ƙyallen ya ɗage, iskar kogi tana kaɗa shi. Na kifa a kai da cikina, na cire gyalen wuyana na naɗe ta. Ko "wayyo" ban ce ba. Daga nan har gida ina ta tambayar kaina: sun fita? Nawa suka fita? In na kai masa sha biyar fa?

Rana ta yi ja na shigo gari a ƙafa, jini ya bushe a ƙwaurina. Yara suka hango ni suka ruga, kafin in kai gida rabin gari na bayana. Kawu Suon yana ta tsokana, "Sarun, an ce janaretanka ya kama da wuta!" Ko kallo bai ishe ni ba.

Na tsaya a gindin matakala. Kinsan yadda ake yi: mai tukunya ya tambaya daga ƙasa ko kurwa sun iso, na cikin gida su amsa sun iso, sannan ya hau. In ba a amsa ba, ba hawa. Inna tana sama ita da Narith, ta kunna kyandir ta jera zaren auduga. Na gyara tsayuwa na buɗe baki.

Ba murya.

Kunthea, muryar da ke kai ƙauye uku! Ƙishi da ƙura da iskar teku sun cinye ta. Abin da ya fito kamar kukan ɗan kyanwa a cikin buhu. Inna kuwa kinsan kunnenta, ko tsawa sai ta ga walƙiya take sanin an yi. Mutanen da ke bayana sun ji, amma suna waje, ba su da ikon amsawa. Na sake. Iska kawai. Wurin ya yi tsit, har Kawu Suon ya cire hula. Na tsaya da tukunya a hannu kamar gunki, nace shi ke nan, na kawo su har ƙofa zan zubar.

Sai na ji motsi a saman kaina. Kinsan daɓen gorar gidanmu da 'yan tsaga-tsaga. Na ɗaga kai, sai ga ido ɗaya yana leƙo ni ta tsaga. Sai wata murya, a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba: "Baba? Me ya sami muryarka?"

Na ƙanƙame tukunya. Amma ban amsa ba, dan ba a ba ni izinin wata magana ba sai tambayar nan. Na tattaro ɗan abin da ya rage a maƙogwaro, na ɗaga tukunya kusa da tsagar, na raɗa: "Kurwar Narith sun iso?"

Na ji numfashinsa. Sannan yace, "Sun iso, Baba. Hau, ƙafarka na jini."

Abin da ya biyo baya ban iya rubuta shi a jere ba. Mata na guɗa, Kawu Suon na kuka yana cewa hayaƙi ne, Inna ta leƙo tana faɗa wai wa ya amsa ba ita ba. Aka buɗe tukunya a kansa, aka zagaya da kyandir, kowa ya ɗaura masa zare a wuyan hannu har ya kai gwiwar hannu. Ya cinye curin shinkafar nan da ta je Koh Kong ta dawo, ya ci ayabar da ta yi baƙi, ya tsotse raken.

Da mutane suka watse yana wanke mini ƙwauri, kansa a ƙasa, sai yace, "Baba, ka kira na Tola ma?" Nace da ragowar muryata, wane ne Tola? Wani yaro ne ɗan Kampong Cham, ba mu san shi ba, tabarmarsu ɗaya a jirgi. Zazzaɓi ya kama shi, aka hana shi kwanciya, wata safiya igiyar raga ta ja shi ruwa a gaban idon Narith, jirgi kuma bai tsaya ba. Tun kafin nan Tola ya sa Narith ya yi masa alkawari, in ɗaya ya fita zai je ya gaya wa uwar ɗayan. Abin da ya toshe masa baki ke nan. Yace duk kalmar da ya ɗauko sai ya ji wannan ce a gaba, ita kuma ta ƙi fita. Ya yi magana har shinkafar dare ta huce. Ni kuwa na saurara. Tambayi Inna in kina musu.

Kada in yi miki ƙarya, ba kullum ne fari ba. Jiya bai ce komai ba sai da yamma. In babur ya yi ƙara yana zabura. Malama Dany tana zuwa, yanzu su biyu suna magana, ni ake kora. Ta ja mini kunne wai sauƙi ne ya samu, kada in kuskura in hau giginya in sanar ya warke. Nace Malama ko na so ba hali, murya sai a hankali take dawowa, bikin jiya ma da hannu na riƙa nuna wa mutane wurin zama.

Yana nan kusa da ni yana leƙen takarda, wai rubutuna kamar kaji sun yi dambe. Yace in bar masa wuri a ƙasa. To ga shi, in ya fi ni iyawa ki faɗa.

Mijinki mai ƙaunarki,
Sarun

Mama, ni ne. Ina gaishe ki. Ina ci, ina ɗan barci. Ba komai zan iya rubutawa ba yanzu. Gobe za mu Kampong Cham wurin uwar Tola. Ni zan gaya mata da bakina. Baba zai raka ni, ya yi alkawari zai tsaya a gindin matakala.

Ɗanki,
Rith